Matar da Ta Hana Mu Cewa Daijobu

Duk wanda ya zauna a unguwar Doyama ta birnin Osaka shekaru ashirin da suka wuce ya san kemis ɗin Tsuyako Hirabayashi, ko da bai taɓa taka ƙofarsa ba. Ɗan shago ne matsattse tsakanin mai wankin kaya da wani gidan giya, in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya jira a waje. Ita kuwa kullum tana bayan kanta bisa doguwar kujera, 'yar gajeriya, gashi a rine jawur, riga mai zanen damisa, ga jakar alewa a gefe. Ko maganin mura ka saya sai ta cusa maka alewa biyu a hannu, ko zaginka ta gama yi sai ta ba ka. Kowa Oba-chan yake ce mata, wato gwaggo, har tsofaffin da suka girme ta.

Kafin ta buɗe shagon, shekara ashirin da shida ta yi tana aikin jinya a wani asibitin masu basir da sauran ciwon dubura can wajen Tennoji. Takan ce ta san rabin manyan mutanen Osaka, amma in sun juyo da fuska ba ta gane su. Da ta bar aiki sai ta zauna jarrabawar sayar da magani tana da shekara hamsin da huɗu, ta ci, ta kama shago a unguwar da kowa ya san ta maza masu son maza ce. 'Yan'uwanta suka ce ta haukace. Ita kuwa ta ce inda ake buƙatarta ta je.

Mun kuwa buƙace ta. A sauran kantuna, in ka ɗauki kwaroron roba da man santsi sai ka ɓoye su ƙarƙashin sabulu da buroshi, mai kanti kuma ya naɗe su a takarda yana kallon gefe kamar ya tsinci mataccen ɓera. Wajen Oba-chan kuwa ɗaga kwalbar take yi sama ta duba, ta ce, "Wannan ai ruwa ne, minti biyar ya bushe. Mayar da shi ka ɗauko wancan mai kauri." Ko da wa a shagon, haka za ta faɗa.

Mutum ɗaya ne a duk unguwar yake kiranta Hirabayashi-san, har da rusunawa, shi ne mai kawo wasiƙu a jan babur. Shigeaki ke nan, Shige nawa. Ni sunana Norifumi, taliyar udon nake dafawa a wani shago kusa da tashar Umeda. A lokacin ina da talatin da takwas, shi arba'in da ɗaya, kuma shekararmu uku a gida ɗaya. Ni haifaffen Osaka ne, bakina ba ya hutawa, komai da gaggawa nake yi. Shi kuma daga Akita ya zo, can arewa, inda sanyi ya koya wa mutane cewa buɗe baki asarar ɗumi ce. Ina sonsa ƙwarai, kuma ina faɗa masa sau goma a rana. Shi sai ya gyara mini wuyan riga ya wuce.

Akwai kalma ɗaya da mu mutanen ƙasar nan muka mayar bargo, komai da ita muke rufewa, ita ce daijobu. Ka ce wa mutum ya jiki, daijobu, wato lafiya lau. Ka miƙa masa ƙarin shinkafa, daijobu, wato a'a na ƙoshi. Ka taka masa ƙafa a jirgi har farce ya fita, daijobu. Tana nufin to, tana nufin a'a, tana nufin ƙyale ni. Shige kuwa in aka cire masa ita, rabin maganarsa ta tafi.

Ba zan yi kwana-kwana ba. A shimfiɗa ni mai ɗoki ne, da ƙarfi nake son abin, shi ma haka yake so, shi ya fara faɗa mini da bakinsa tun shekararmu ta farko, kunnuwansa sun yi ja. Ni ke shiga, shi ke karɓa ta baya. Kuma ina tambaya, ban taɓa fashi ba. Sai na ce, "Daijobu?" Shi kuma ya ce, "Daijobu." Ni a ganina na sauke nauyi, har ina yi wa kaina kallon mutumin kirki.

Wata Talata da safe zan wuce aiki, sai na ji muryarta ta tsallako titi.

"Nori-chan! Zo nan, ja'iri."

"Oba-chan, na makara, romo na jirana."

"Romo ya jira. Shigo ka ja ƙofa."

Na shiga. Ba ta miƙo alewa ba, a nan na san da magana.

"Yau kwana huɗu ina kallon mutuminka yana tuƙa babur a rabin zaune, sai ka ce kujerar cizo take. Jiya ya shigo wai a ba shi auduga da man kashe zafi. Audugar na ba shi, man na hana. Me ka yi masa?"

"Ni? Ai na tambaye shi, ya ce daijobu."

Ta buga kanta da tafin hannu har kwalabe suka yi ƙara. "Daijobu! Mutumin Akita za ka tambaya haka? Wannan ko hannu ka sare masa, haƙuri zai ba ka don ya ɓata maka wuƙa. Kai dai baki ne da kai, ido babu."

Na fita raina a ɓace, ina cewa a zuci tsohuwar nan ta cika shisshigi. Amma da na tashi aiki da la'asar na koma gida, sai na tarar da ƙaramin tawul a rataye can bayan injin wanki, inda ba ma shanya. An wanke shi da hannu, tabon jinin bai fita duka ba. Na daɗe a tsaye riƙe da shi.

Da Shige ya dawo na tare shi tun yana cire takalmi.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya kalli tawul ɗin, ya kalli ƙasa. "Na ga kana jin daɗi. Ban so in ɓata maka."

"Tun yaushe?"

Ya ci gaba da cire takalminsa.

"Shige, tun yaushe nake ji maka ciwo?"

"Ba kullum ba," in ji shi.

Wannan "ba kullum ba" ita ta fi komai yi mini zafi. Shekara uku ina kwana da mutum, ban san wace rana ce ya ji daɗi ba, wace ce ya cije haƙori. Na ji haushinsa, na ji kunyar kaina, tsoro kuma ya fi su duka. In har ba zai iya gaya mini gaskiya a wannan wurin ba, to me ya rage mana, ni da nake lissafin tsufa tare da shi?

Oba-chan ba ta tsaya dogon bayani ba sai da ta tura shi wajen wani likita da suka yi aiki tare. Tsagewa ce ƙarama, aka ba shi magani, aka ce wata guda kada a kusanci wurin. Ran Laraba, da yake da tsakar rana take rufe shago, sai ta kira mu ɗakin baya, ta zuba mana shayin sha'ir, ta zauna ta harɗe hannu. Manyan mutane biyu muka durƙusa a gabanta kamar masu jiran hukunci.

"To, ku buɗe kunne, ba na maimaitawa," in ji ta. "Ƙarfi ba laifi ba ne. Ku biyu manya ne, kuna so, ku yi abinku. Amma ƙarfi a ƙarshe yake zuwa, kai kuma Nori-chan na tabbata da shi kake sallama."

"Oba-chan, don Allah."

"Rufe mini baki. Wurin nan ba ya kawo ruwansa da kansa, sai an ba shi. Ka zuba mai har ka ce ya yi yawa, sannan ka ƙara, in an jima kuma ka sake ƙarawa. Kuma mai irin wanda nake sayarwa, ba na girkinka ba, ba na shafawa ba, waɗannan cinye roba suke. Nuna mini farcenka."

Na miƙa hannu. Ta yi tsaki, ta ɗauko abin yankan farce a aljihun tebur ta ajiye a gabana.

Sai ta dunƙule hannu ta nuna mana. Ta ce ƙofa biyu ce a wurin, ta waje tana jin maganar mai ita, ta ciki kuwa ba ta jin maganar kowa, sai hankali ya kwanta take buɗewa. Don haka da yatsa ake farawa, a hankali, a jira, kuma mai karɓa shi ke ja gaba har jiki ya saki. Ta ce wa Shige wankin cikin da yake yi sau uku sau huɗu don kunya, shi ma yana ƙona wurin, ruwa mai ɗumi kaɗan ya isa. Ta ce kada mu yi in mun sha giya ta kai mana karo, kuma mu riƙa zuwa gwajin jini tare, hannu da hannu in mun ga dama. In jini ya wuce ɗigo, ko zazzaɓi ya zo, ko ciki ya murɗa, asibiti kai tsaye, likitoci sun ga abin da ya fi wannan kafin su karya kumallo.

"Man kashe zafin nan kuwa," ta juya kan Shige, "ka san abin da ka zo nema? Ƙararrawar gobara na kuka, kai kuma ka zo in cire maka batir."

"Ki yi haƙuri, Hirabayashi-san."

"Ba haƙuri na ce ka ba ni ba."

Ta kurɓi shayi. Da ta sake magana muryarta ta sauka, ban taɓa jin ta haka ba.

Ta ce mijinta sunansa Masakatsu, a wata masana'antar ƙusoshi yake aiki a gabashin gari. Mutum ne mai son kamun kifi da barcin rana. Shekara biyu yana ganin jini in ya shiga bayi, bai faɗa ba. Ta ga yana ramewa, ta ga yana daɗewa a bayi. Takan dawo daga asibiti a gajiye, ta ce, "Daijobu?" Ya ce, "Daijobu." Ita kuma ta ji daɗin amsar, don ƙafafunta na ciwo, ga tukunya na jira. Ranar da ya faɗi a wurin aiki aka buɗe shi, ciwon dajin hanji ya riga ya ci gari. Yana da hamsin da ɗaya ya rasu.

"Na gano ciwon baƙi ɗari, na gidana ya wuce ni," in ji ta. "Na yi shekaru ina jin haushinsa. Daga baya na gane ba shi kaɗai ba ne. Ka saurari tambayar da kyau, Nori-chan. In ka ce wa mutum 'daijobu?' ai ka riga ka sa masa amsar a baki, maimaitawa kawai zai yi. Ba tambaya ba ce, roƙo ne, kana roƙonsa ya ce maka ba komai don ka ci gaba da abin da kake."

Ban iya ɗaga kai ba.

Daga ranar ta haramta mana kalmar a shimfiɗa. Ni ta ce in riƙa tambayar da ba ta ɗauke da amsarta: a rage ko a ƙara, ina ne ke zafi, nan ko can. Shi kuma tunda bakinsa ba zai iya cewa "tsaya" ko "da zafi" ba, ya zaɓi wata kalma dabam wadda babu kunya a cikinta, in ya faɗe ta in tsaya cak, ba tambaya, ba ɓata rai.

Shige ya daɗe yana juya kofinsa. Can ya ce, "Konbu."

Na kwashe da dariya. Konbu shi ne ganyen tekun da nake haɗa romo da shi kowace safiya.

"Me ya sa konbu?" in ji Oba-chan.

"Kullum yana faɗa," in ji shi, yana nuna ni da haɓa. "Wai ana cire shi ne kafin ruwa ya tafasa. In an bari ya tafasa, romon ya ɓaci."

Oba-chan ta dube shi, ta dube ni. "Ka ga wanda ke sauraro a gidanku?" Sannan ta ba mu alewa bibbiyu.

Da a ce nan maganar ta ƙare da na ji daɗi, amma ina. Ya warke, na yanke farce, na sayi kwalba mai kauri, na koyi jira, abin da ban taɓa iyawa ba a rayuwata. Sai dai wata uku suka wuce bai ce konbu ba ko sau ɗaya. Ni kuma na daina yarda. In ya yi numfashi sai in tsaya, in ya motsa sai in tsaya, ina ta jera masa tambayoyi kamar ɗan sanda. Ran nan ya ce, "Nori, ni ba ƙwai ba ne," ya juya mini baya. Muka fara raba shimfiɗa, shi tasa katifa ni tawa, muna gaisawa da safe cikin ladabi. Na ga alamar za mu ƙare a matsayin 'yan haya biyu masu raba firji ɗaya.

Na koma wajen Oba-chan na zube mata komai.

"Wawa," in ji ta. "Mutumin da ya shekara arba'in bai ce a'a ba, kana so ya fara a wuri mafi wuya? Ya fara a kan tebur. In ka cika gishiri, konbu. In ka cika surutu, konbu. Wannan ma na san sau ashirin zai faɗa a rana."

Haka kuwa aka yi. Karon farko muna cin abinci ne, ina ta zayyana masa rashin mutuncin maigidanmu a shago, na kai minti ashirin ban haɗiyi yawu ba. Sai ya ajiye tsinken cin abinci, ya ce a hankali, "Konbu." Na yi shiru baki buɗe. Ya jira ya ga ko zan yi fushi. Da ya ga ban yi ba sai ya yi wani ɗan murmushi, irin na wanda ya taɓa kare ya ga bai cije shi ba. Daga nan fa ya samu abin yi. Na kunna talabijin da ƙarfi, konbu. Na ce mu je gidan yayata ran hutu, konbu. Ashe shekara uku bai son zuwa gidan yayata.

Wata Lahadi da rana, ana ruwan sama, muka koma shimfiɗa ɗaya. Mun bi komai yadda aka koya mana, tafiya ta yi nisa, shi da kansa ya ce a ƙara. Muna cikin haka sai na ji ya ce, "Konbu." Na tsaya nan take, na janye a hankali, na kwanta a gefensa. Ya fara cewa in yi haƙuri. Na rufe masa baki da hannu. Hawaye ne suka zubo mini, ni da nake ganin kaina jarumi, kuma na farin ciki ne. Tun daga ranar in ya ce "ci gaba" na san da gaske yake. Muka dawo yadda muke so, har fiye da da, tsoron kuwa ya bar ɗakin.

Da na ba Oba-chan labari ta ce, "To, na ji. Ba sai ka zana mini hoto ba."

Shekaru suka ja. Gashinta ya daina karɓar rini, gwiwoyinta suka ƙi hawa doguwar kujera. Tana neman tamanin ta rufe shagon ta koma wajen 'yar ƙanwarta a garin Sakai. Wurin yanzu kantin wayoyi ne. Maza nawa ta tura asibiti a kan lokaci, gidaje nawa ta gyara a ɗakin bayan nan, ba wanda ya sani, don bakinta mai kaifi ne amma ba ya yoyo.

Bara, wata safiya ina yanka albasa, sai na ji Shige a tsaye a ƙofar kicin. Ya yi furfura yanzu, saura kaɗan ya ajiye jan babur. Ya ce, "Nori. Konbu."

Na waiwaya ina dariya, don ban ce komai ba tukuna, kuma mun fi mako biyu ba mu kusanci juna ba. Shi ba dariya yake ba.

"Yau kwana uku ina ganin jini a bayi," in ji shi. "Ba irin na da ba ne."

Na kashe wuta na ɗauko takalmansa. A makon aka leƙa hanjinsa aka ga tsiro. Likitan ya ce irin mugun ne, amma ƙarami, bai je ko'ina ba, kuma da an bari shekara ta zagayo da maganar ta zama wata. Aka yi aiki aka cire.

Kwana goma bayan an sallame shi ya ce sai mun je Sakai. Na ce ya bari ya ƙara ƙarfi, ya ƙi. Muka tarar da ita a kujerar guragu a bakin taga, ta ƙanƙance, amma rigar damisa na nan, jakar alewa na kan cinya. Na riga na gaya mata komai a waya. Ta dube shi tun daga ƙofa har ya zauna da kyar, yana dafe da ciki. Sai ta karkata kai, ta yi muryar ladabi wadda ba tata ba.

"Shige-chan. Daijobu?"

Ya dube ta ido cikin ido.

"Da zafi, Oba-chan," in ji shi. "Ɗinkin yana ja, ba na iya barci sosai. Kuma ina jin tsoro kada ya dawo."

Shekara ashirin ban taɓa jin ya ce mata Oba-chan ba, kuma ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da ta ba mu labarin Masakatsu. Ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na girgiza. Da ta sauke hannun tana dariya, fuskar duk ta jiƙe.

"Madalla," in ji ta. "Madalla, ɗan albarka. Ƙara faɗa mini, ina da ina ke ciwo?"

Ya matso da kujerarsa ya fara lissafa mata. Ita kuma ta kwance bakin jakar ta juye masa alewar duka a cinya, ni ko ɗaya ban samu ba.